Yadda Turanci ke cewa "nakan yi da la'asar"

Masu kallo, barkanmu da war haka. Bahaushe in zai nuna abu ya zame masa al'ada, "kan" yake sakawa: nakan je kasuwa da la'asar. Turanci ba shi da wannan "kan". Aikatau da kalmar lokaci ne ke raba aikin tsakaninsu.

Afternoon dai yana kamawa daga ƙarfe 12 na rana zuwa wajen 5 ko 6, wato azahar da la'asar duk suna ciki. Da an yi magariba an shiga evening, shi ya sa "da yamma" tamu ba ko yaushe take zama afternoon ba.

To, ku saurari waɗannan biyun. I will call you in the afternoon: yau ke nan, sau ɗaya. I sleep in the afternoon: wannan kullum ne. Kalmar lokacin ba ta canza ba, aikatau ne ya rarrabe. Mai cewa I am sleeping every afternoon ya kauce hanya, domin sigar ing ta abin da ake cikin yi ce yanzu.

In kuna son kawar da shakka, ku ƙara s: in the afternoons. Ko ku ce every afternoon, amma shi ba ya karɓar s, ba ya karɓar in. Every afternoons na cikin kurakuran da ke cinye makin ɗalibai a jarrabawa.

Da sunan rana ya shigo, sai kalmar in ta ba on wuri, tunda on Friday ake cewa. On Friday afternoon, Juma'a ɗaya ce. On Friday afternoons, duk ranar Juma'a. Shi kuwa at afternoon babu shi sam, kwaikwayon at night da at noon ne ke jawo shi.

A Amurka za ku ji ma'aikaciyar asibiti ta ce I work afternoons, ba in, ba the, tana nufin aikin rana aka ba ta. Wannan s ɗin asalinsa ba na jam'i ba ne, ragowar tsohon Turanci ne, irin wanda ke ƙarshen always. A Ingila kuma dattawa kan ce of an afternoon. Ku gane shi in kun ji, amma kada ku kai shi takardar neman aiki.