Amsoshin Tambayoyinku: tada tsohon moto a gida, tun daga kadar

Assalamu alaikum jama'ar Maradi da kewaye, Katsinawa da Gobirawa, da ku na ƙetaren iyaka da kuke kama mu daga Jibiya, barkanmu da warhaka. Tun sati biyu da na yi suɓul da baka na ce na taɓa tada wani mataccen moto a tsakar gidana saƙonni suke ta zubowa kamar ruwan Agusta, wasu a takarda wasu ta WhatsApp, ba zan iya karanta su duka ba gaskiya, na dai tsamo waɗanda suka ɗauko maganar sauran.

Na farko wani matashi ne daga Tibiri, ga abin da ya rubuto: "Mahaifina Allah ya jiƙanshi ya bar Honda CG 125, shekara 9 ke nan shina jingine a zaure har kaji sun yi ƙwai ƙarƙashinshi. Ina so in tada shi ya koma kamar sabo, na ma sayi jan fenti da sitika. Daga ina zan fara?"

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. To ƙanena, wanga fenti ka kai shi ɗaka ka ɓoye ka manta da shi, shi ne abu na ƙarshe, kuma kusan kowa da shi yake farawa shi ya sa kake ganin moto na ƙyalli a titi amma shina tahiya a karkace kamar kaguwa. Kahin ka kama kile ma akwai magana biyu. Ta farko gado. An raba? In ba a raba ba moton nan ba naka ba ne kai ɗaya, akwai haƙƙin ƴan uwanka mata da maza har da iyayenku mata, ka tara su a yi mishi kuɗi yadda yake yanzu da ƙurarshi da kashin kajinshi, ka biya ko a yahe maka gaban shedu. In ka bari sai ka zuba jikkunanka ya tashi shina walƙiya, ranar za ka ga ƴan uwan da ba ka san da su ba. Ta biyu takardu. Ka bincika akwatin Baba ka hiddo kart giriz, wato takardar mallakar moton, ka zo wurin wuyan moto, inda kan yake juyawa, ka goge da tsumma da ɗan gazuwal za ka ga lambar shasi an buga ta jikin ƙarhe, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. In sun yi daidai alhamdulillahi. Kuma wagga lamba kar ka bari mai walda ya kusance ta, kar a goge ta da injin gurza, kar a cika ta da fenti har ta ɓace, don ranar da jandarma ya tsaida ka hanyar Dan Isa ba labarin Baba zai tambaye ka ba, lamba zai duba.

Sai kwancewa. Wayar da ke hannunka ita ce babban kayan aikinka, duk abin da za ka taɓa ka ɗauki hotonshi tukuna, musamman wayoyin wuta da yadda kebul ɗin birki da na kuloci suka bi. Ka nemi gwangwanayen tumatir da na madara, kowane wuri da nashi gwangwani, ka rubuta a jiki. Ni lokacin da na yi nawa cewa na yi ai kaina na riƙewa, wata uku bayan nan na zauna gaban tulin bulon kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake. Wurin wuya ka shimfiɗa zane a ƙasa kahin ka sassauta, don ƴan ƙwallayen ƙarhen nan a sake suke, da ka ɗaga sai su watse cikin rairayi, ka ƙirga na sama ka ƙirga na ƙasa ka rubuta.

In kadar, wato ƙashin ƙarhen da komai na moto yake ɗaure a kai, ta rage tsirara ka wanke ta tas da gazuwal sannan da omo, ka kai ta rana ka duba ta kamar mai sayen sa a kasuwa. Inda take tsagewa sananne ne, gindin wuya, wurin da inji yake ɗaure, da inda amortisar na baya suke kamawa, don motocinmu buhun gero da mutum uku suke ɗauka. Fenti da ya tashi a layi siriri ko tsatsa da ta bi layi ɗaya, tsaga ce a ƙarƙashi. Sannan ka maida ƙafafun biyu na ɗan lokaci ka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ta kowane gehe, in ratar hagu da ta dama ba su zo ɗaya ba bayan ka daidaita tayar baya to kadar ta taɓa shan karo. Ƙaramar karkata ana gyarawa, amma in wuyan ne ya murɗe ni dai ba na ba da shawarar a gasa shi da wuta a buga, ƙarhen ya riga ya gaji. Kuma kar ka ce za ka sayi wata kadar a bakin kasuwa wadda ba takarda, sau da yawa ta sata ce.

Amma ka yi sa'ar moto. CG ɗin nan Honda ta fara yin shi a 1975, kuma dalilin yin shi ma irinmu ne, mutanensu sun zagaya ƙasashe masu zahi da ƙura suka ga ana lodin moto hiye da kima ba a canza mai sai inji ya yi kuka, sai suka yi injin da sanduna ke tura supap, wato ƴan ƙohohin shigar mai da hitar hayaƙi, maimakon sarƙa a kai, mai haƙuri da wulaƙanci. Har gobe ana ƙera shi a Pakistan, kuma yawancin motocin Cana da ƴan kabu-kabu ke hawa kwaikwayon injinshi ne, shi ya sa kaya ba za su yi maka wuya ba. Sai dai duk abin da ka tarar na asali ne kuma bai mutu ba, karbirato ne ko murhin inji ko ma bulon, ka wanke ka maida, da tsohuwar zuma ake magani.

Saƙo na biyu daga Madarunfa, wani malamin makaranta, ya ce nashi injin ya kahe, in ya taka kik ko motsi, wai abokinshi ya ce ya hau da ƙarhi ya dira zai saki.

Malam don Allah kar ka dira. Ko dai ka karya haƙoran kik ko ka karya sagiman cikin silinda, wato abin da ake ce ma ring in ka ƙetara Jibiya, mu nan kullum da baki biyu muke sayen kaya. Ka cire buji ka zuba gazuwal ta ramin, ka bar shi kwana uku ko ma sati kana ƙarawa, sannan ka sa giya ta sama ka riƙa tura moton gaba da baya a hankali, in tsatsa ce kawai ta riƙe piston zai saki. Ko ya saki kar ka tada shi, ka buɗe kai ka duba. In ka sa farce cikin silinda ka ji ya maƙale a wani zane to sai wurin mai turni, a faɗaɗa. Na CG faɗin asali milimita 56.5 ne, kuma piston na gyara suna zuwa mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00, ka sayi piston tukuna ka kai ma mai turni tare da silinda ya yi aikin daidai da shi, ba ya faɗaɗa sannan ka shiga kasuwa neman wanda zai shiga ba. Ka kama sandar piston ka ja sama da ƙasa, in ka ji tana ƙwas-ƙwas to bilbirikan, wato ƙarhen da sandar ke juyawa a gindin inji, shi ma na son aiki, wannan kuma ba na gida ba ne.

Ga wani abu da ko wasu makanikai ke tsallakewa. Injin nan ba shi da filtar mai irin ta mota, abin da yake da shi ƴar raga ce bayan babban murhin da ke ƙasa ta hagu, da kuma wani ɗan kwano da ke juyawa jikin bilbirikan bayan murhin kuloci, shi yake tara dattin mai. Wanda na buɗe a nawa abin da na tarar ciki kamar tukunyar da aka manta da ƙanzo, da cokali na ƙwaƙule shi. In ba ka wanke wanga ba ka zuba sabon piston to kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Supap kuma ratarsu milimita 0.08 ce, inji na sanyi ake aunawa, ka sayi ƴan hilayen aunawa ba su da tsada, ka bar aunawa da reza.

Wani daga Gidan Rumji ya ce tankinshi duk tsatsa ciki kuma shina ɗiga ta gindi, an ce mishi ya zuba ruwan batir. A'a. Ruwan batir zai ci tsatsar ya ci tankin. Ka cire famfon mai ka toshe ramin, ka zuba ƴan ƙananan bulon hannu guda ka girgiza har hannunka ya gaji, ka zubar, ka cika da binegar ka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Ruwan tsamiya mai kauri ma na yi amma shi sai an ƙara haƙuri. Ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka shanya a rana nan take, da ya bushe ka zagaya cikin da ɗan isansi haɗe da mai, in ba haka ba kahin la'asar sabuwar tsatsa ta hito. Maganar ɗiga kuma ka saurare ni da kyau, tanki ko ya shekara ba mai a ciki tururin na nan, wuta na taɓa shi zai tashi da kai da mai waldar, sai an wanke shi da omo da ruwan zahi sau da yawa an bar shi buɗe, kuma ka kai ma wanda ya saba da aikin tanki ba yaron da ke haɗa ƙofa ba.

To ga wanda ya ba mu dariya nan cikin sutudiyo. Wata Hajiya daga unguwar Zariya ta ce: "Maigidana ya warwatsa moto a tsakar gida damina biyu ke nan, ya ƙwace mini roba uku da tiren shayi, yara na wasa da kayan. Ku gaya mini ko zai taɓa tashi."

Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, kuma Alhaji in kana saurare ka ji an kai ƙararka gidan radiyo. Zai tashi in an bi shi da tsari, amma damina biyu a hili ta yi yawa, duk rulman, wato ƴan ƙwallayen da ƙarhe ke juyawa a kai, da ruwa ya taɓa ya tahi. Abin da ke kashe irin wanga aiki mutum ya kwance komai rana ɗaya alhali kuɗin da ke aljihunshi na buji ne kawai. Alhaji ka tattara kayan cikin ɗaki guda, ka gama kadar ka ɗora ta kan ƙafafunta ko zuciyarka ta samu abin kallo, sannan inji, sannan wuta. Kuma robar da aka wanke inji da isansi a ciki kar ta koma madafa Hajiya, ki bar mishi, ya sai miki sababbi, wannan hukuncin shiri ne. Isansi da ruwan batir kuma a ɗauke su daga inda yara ke kaiwa, barin ma in cikin gorar lemo aka zuba su.

Da sauri-sauri. Mai tambaya daga Dakoro da ya sayi tsohon Yamaha DT 125 irin na ma'aikatan gona, naka injin daban ne, mai shan mai haɗe da isansi ne, shina da ɗan famfo da ke ba shi man, in an cire famfon ko ba ka yarda da shi ba dole ka riƙa haɗawa cikin tanki, kuma man tu-tan, wato na haɗawa da isansi, za ka sa ba man bidanji ba. Wanda ya ce ƙwan hitila na ƙone mishi, ka duba, tsohhin CG bolt 6 ne, na baya bolt 12, ba a haɗa kayansu. Mai tambayar taya da ya ce zanenta bai cinye ba, ka duba gehenta akwai lamba huɗu, misali 2319 na nuhin sati na 23 na 2019, in ta tsufa ta tsattsage ka yar ko zanen na nan. Takalman birki ma haka, tsohon manne na saki, kuma ƙurar cikinsu kar ka hura da baki.

Na dawo gare ka ɗan Tibiri da jan fentinka. Sai ka gurje kadar har farin ƙarhe ya hito, ka sa maganin tsatsa, ya bushe, sannan launi siriri-siriri hawa biyu ko uku. Kar ka yi lokacin buji da hazo, ƙura za ta zauna ciki kamar ka barbaɗa gari, ka yi da sahe ka yayyafa ruwa a ƙasa. In ya tashi kuma ban da ɗaukar hanyar Damagaram don nuna ma abokai, kilomita 500 na farko a hankali, ba lodi ba murɗe wuta, Tibiri zuwa Maradi ka dawo, ka zubar da man ka sake auna supap, ka sa kaskinka. Ranar da ya tashi ka biyo ta nan gidan radiyo mu ji kukanshi.

Mai injinmu na ɗaga mini hannu lokaci ya cika. Masu tambayar Mobilet da P50 na ga saƙonninku, sati mai zuwa in Allah ya kai mu da ku za mu fara.