Laccar likita a Damagaram kan rashin haihuwa: mai gida ma ya zo a auna shi

Salamu alaikum. Iyayena mata da ke can gefe, malamai, sannunku da zuwa. Samarin da suka tsaya bakin ƙofa ku shigo akwai benci, maganar yau rabinta taku ce. An ce in yi bayani kan abubuwan da muke yi da hannunmu kullum waɗanda ke taɓa haihuwa, ta mace da ta namiji, na rubuto guda biyar a takarda, in Allah ya yarda za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Haihuwa kyautar Allah ce, Suratu Shura aya ta 49 da ta 50 ta faɗa, yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani, ya bar wanda ya so ba haihuwa. Wannan ba mu ja da shi. Amma addinin nan dai shi ya ce mu nemi magani, kuma ba ka neman magani sai ka san inda ciwon yake. A likitance ba ma cewa akwai matsala sai mata da miji sun shekara guda cur suna tare, suna saduwa a kai a kai, ba planin, wato maganin tsarin iyali, ciki bai shiga ba. In matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa a zo. Na ce suna tare fa, wanda ya tafi Libiya ko Aljeriya ya yi wata goma, ya dawo ya yi sati biyu ya koma, wannan ba mu lissafa masa shekara (dariya). Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wannan matsala a rayuwarsa. To a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, wadda ba ta samu ko ɗaya ba, ku kun fi ni sanin abin da take ji a gidan suna da wurin biki da bakin dangin miji.

Na farko, bari in fara da maza, ku yi haƙuri ƴan uwana. In ma'aurata goma suka zo da wannan kuka, wajen biyar za ka tarar akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko su biyun. Rabi fa! Amma wa ke zuwa lopital? Ita kaɗai. Ita za ta yi ekogarafi, wato hoton ciki, ita za ta yi analiz na jini, ita za a yi wa hoton bututun mahaifa mai zafin nan, ta sha jiƙe-jiƙe, ta sayar da akuyarta da ƴan kunnenta, mai gida kuwa yana fada ana zuba shayi na uku. Ana ta tonon gona, ba wanda ya ce a kawo irin mu gani. Shekara ta zagayo ya ƙara aure, amarya ma shiru, sai a ce uwargida ce ta yi mata asiri. Haba jama'a.

Abin da ke ruɗa maza, ka ce ya zo sai ya ce likita ni lafiyata lau, ka tambayi iyalina. Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Ruwan da kake gani ba shi ke sa ciki ba, ƙwayoyin da ke yawo cikinsa ne, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Mutum na iya zama ƙaƙƙarfa, ruwa isasshe, amma ƙwayoyin kaɗan ne, ko suna nan ba sa motsi, ko babu ko ɗaya. Ma'aunin OMS na 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwaya miliyan 16 cikin mililita guda. Gwajin kuma, sifarmogram, ba allura ba yanka, ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da ruwan cikin ƴar kwalba mai tsabta, shi ke nan. Duk gwaje-gwajen haihuwa shi ya fi sauƙi, shi ya fi araha, shi kuma ake yi a ƙarshe. Wani ya ce ai na haihu da matata ta fari. Alhamdu lillahi, yaron shekararsa nawa? Goma sha biyu. To cikin shekara goma sha biyun nan me da me ya faru a jikinka?

Yanzu ku riƙe wannan lamba, in kun manta komai kar ku manta da ita: 74. Kwana wajen 74 jiki ke ɗauka kafin ya ƙera ƙwayar maniyyi guda, in ka haɗa da tafiyarta ta fito, kusan wata uku. Ma'ana abin da ka zuƙa ko ka haɗiya yau a fada, sai bayan wata uku zai bayyana a gwaji. Ko masassara mai zafi ta damina ta kwantar da kai, ƙwayoyin na iya raguwa na ƴan makonni, shi ya sa in sakamako ya fito ba kyau ba mu yanke hukunci, mu ce ka dawo bayan wata uku. Kuma wannan lambar albishir ce, don shi namiji kullum sabo yake ƙerawa. Ka gyara yau, wata uku mu sake dubawa, sau da yawa sai ka ga bambanci.

Me ke ɓata su? Zafi. Allah bai rataye maraina a waje a banza ba, suna son sanyin da ya yi ƙasa da na jiki da digiri 2 zuwa 3. Jiki 37 ne. To ka ɗauki watan Afrilu da Mayu a nan Zinder, rana ta haura 40, yaro ya matse cikin jin da ɗan kamfai na leda, ya hau moto yana kabu-kabu daga asuba har isha'i, kujera ta gasu, inji na huci daga ƙasa. Ko direban kamiyo mai hanyar Tanut zuwa Agadas, ko mai gashin burodi, ko maƙeri bakin wuta. Ban ce ku bar sana'a ba, da me za a ci? Na ce ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa, ka ajiye moto a inuwa, ka sa wando mai sakewa na auduga. Kakanninmu da bujensu sun fi mu dabara wallahi (dariya). Ɗalibai kuma, ordinater, wato kwamfuta, a kan tebur ake ɗora ta, ba kan cinya ba.

Sai hayaƙi. Taba tana rage yawan ƙwayoyin, tana rage gudunsu, tana lalata abin gadon da ke cikinsu. Shisha kuma da yaranmu suka ɗauka gayu ce, wai ruwa ya tace ta, ƙarya ne, ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi ka ƙara zuƙa sosai. OMS tun 2005 ta yi gargaɗi cewa zama guda na awa ɗaya, hayaƙin da mutum ke zuƙa na iya kai na karan sigari 100 ko fiye. Kuma matarka da ke ɗaki ɗaya da kai ita ma tana sha ba da sonta ba. Tramol, ƙanena na ga ka sunkuyar da kai, ba da kai nake ba, da abokinka nake (dariya). Ana sha wai don a jure aiki ko a daɗe wurin iyali, amma in aka daɗe a kansa yana danne sinadarin maza, testosteron, sha'awa ta mutu, ƙwayoyi su ragu. Wiwi ma haka, giya ma haka. Abin da ya fi ba ni tausayi masu ɗaga ƙarfe da ke yin allurar testosteron don ƙirji ya buɗe. Ɗaga ƙarfe motsa jiki ne mai kyau, allurar ce masifa, don in jiki ya ga sinadarin ya shigo daga waje sai maraina su dakatar da aiki, ƙato guda a auna a tarar sifiri. Maganin ƙarfin maza na bisa tire a tasha kuwa, wanda ke sayarwa ma bai san abin da ke ciki ba.

Kai, lokaci ya tafi. Ina muke, na uku? Na biyu ne, to mu yi sauri. Iyayena mata, ƙiba. Na san a wurinmu amarya in ba ta cika ba ana cewa miji ba ya kula da ita, shi ya sa ake haɗiyar ƙwayoyin ƙiba, har da deksametazon. Wannan kumburi ne ba lafiya ba, yana birkita al'ada, ya kawo tansiyo, wato hawan jini, da ciwon suga. Kitse in ya yi yawa yana hana ƙwai fita kowane wata. Wadda al'adarta ke tsallake wata biyu uku, ga ƙuraje ga gashi a haɓa, ta zo a duba ta, sau da yawa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kawai yana dawo da fitar ƙwai, mai kilo 90 ta sauke 5 zuwa 9. A rage lemun kwalba da sukari, a taka da ƙafa. Rama sosai ma tana tsayar da al'ada. Maza masu tumbi, kitsenku yana juya sinadarin maza ya koma na mata, ku ma kuna ciki.

Sai sanyi, wannan shi ya fi toshe bututun mata a ƙasashenmu. Ciwon sanyin da ake ɗauka wurin saduwa wani lokaci ba ya nuna alama, yana hawa a hankali har ya liƙe hanya. In an ba mace ordonans, wato takardar magani, miji ma ya sha, in da kishiyoyi duka gidan a sha lokaci guda, in ba haka ba yawo kawai ciwon zai riƙa yi daga ɗaki zuwa ɗaki. Kayan mata na matsi da ake cusawa, da wanke ciki da sabulu ko alif, don Allah a bari, wurin yana tsabtace kansa, waje kaɗai ake wankewa. Tsargiya ta wankan tabki ita ma tana taɓa mahaifa, wanda ya taɓa fitsarin jini ya faɗa wa likita.

Na ƙarshe, ko na huɗu ne, shekaru da lissafin kwana. Mace da ƙwanta ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, ba a ƙara mata, bayan 35 raguwar tana sauri, kar a ɓata shekara biyar ana jira. Ƙwai na fita wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ya rayu awa 12 zuwa 24, ƙwayar namiji kuwa tana iya kai kwana 5 a ciki. Mai mata uku ko huɗu, rabon kwana na iya sa kullum a tsallake ranakun wata daga cikinsu, a lura da wannan. Mai neman ciki ta fara shan asid folik, mikrogram 400 kullum. Na'am Hajiya, ga hannu can, a ba ta makirfo.

(Wata dattijuwa ta tambaya ko allurar planin ce ta hana ɗiyarta haihuwa, wata takwas da dainawa ba ciki.)

Na gode Hajiya, wannan tambayar mata da yawa na da ita suna jin nauyi. Planin ba ya kashe mahaifa. Ƙwayar sha in an daina, cikin wata ɗaya zuwa uku jiki ke komawa, na hannu da ake sawa ƙarƙashin fata ana cirewa ba da daɗewa ba ciki na iya shiga. Allurar wata uku ce mai jinkiri, a matsakaici wajen wata 10 daga allurar ƙarshe kafin a samu ciki, wasu har shekara da rabi, amma tana sakin jiki. To ɗiyarki wata takwas tana cikin lokaci, kar a tayar mata da hankali, kar kuma a fara ɗura mata sassaƙe. Al'adarta ta dawo? Ta dawo wata biyu da suka wuce, to madalla, alama ce mai kyau. Shekarunta nawa? 24. Ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo kowane wata. In an cika shekara daga dawowar al'adar ba labari, ta zo wurin sajfam, wato ungozomar lopital, da karnen planin ɗinta mu ga ranar allurar ƙarshe, kuma Hajiya ke ce babba, ki sa baki surukinki ya rako ta, ranar da za a duba ta a rubuta masa nasa gwajin shi ma. Akwai wani hannu a baya, malam mai farar hula, bismilla.