Wata huɗu daban, shekara ɗaya daban: takardar da ke hana 'yan Poli shiga HND

[Hoto: dogon layin ɗalibai a bakin ofishin tantance takardu, kowa da fayil a hammata]

Ku dubi layin nan da kyau. Duk wanda kuka gani a ciki ya gama ND, ƙaramar difloma ke nan, ya samu gurbin HND, babbar difloma, yau kuma ranar tantance takardu ce. Kafin azahar za a mayar da wasu gida. Makinsu ya kai, kuɗin makaranta na aljihu, takarda ɗaya ce kawai za ta kayar da su.

Tun da aka fara sayar da fom ɗin HND, saƙo iri ɗaya ke shigo mini: "Yaya, ai na yi SIWES, ga logbuk ɗina an sa hannu, me ya sa suke tambayata takardar IT?" Wani har hoton logbuk ɗin ya turo, shafi bayan shafi. Allah ya ba ka haƙuri ƙanena, amma abin da ka turo da abin da suke nema, hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Bari mu bi ta kan tsarin da gudu.

[Zane: matakala mai hawa uku]

Karatun Poli hawa uku ne. Shekara biyu ND. Shekara ɗaya a waje, a wurin aiki, ita ce ake kira IT, wato horon aiki bayan ND. Shekara biyu HND, sannan bautar ƙasa. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara wannan ga kowace Poli, daga ta Kaduna zuwa ta Kazaure zuwa ta Kauran Namoda.

SIWES kuma, gajeren horon da ake tura ɗalibi wurin aiki tun yana makaranta, yana cikin hawa na farko. Wata huɗu ne, bayan ka gama shekarar farko ta ND. 'Yan jami'a wata shida suke yi. Hukumar ITF, ta horas da ma'aikatan masana'antu, mai hedikwata a Jos ce ta fara shi a 1973. A wata huɗun nan kai ɗalibi ne cikakke: makaranta ta san inda kake, kana cika logbuk, ogan wurin yana sa hannu duk mako, malami yana iya zuwa duba ka, a ƙarshe a ba ka maki. Akwai ma ɗan alawus, wanda aka daɗe ana lissafa shi a naira 2,500 a wata. Eh, a wata. Wanda ya taɓa jiran kuɗin nan ya san ma'anar haƙuri.

To ku ajiye wannan a gefe. Maganarmu ta yau hawa na tsakiya ce.

[Matakalar ta tsaya a hawa na biyu]

Ranar da ka rubuta jarrabawarka ta ƙarshe a ND, ka fita daga hannun makaranta. Babu rajista, babu maki, babu alawus daga ITF. Galibi ba wanda zai zo ya duba ko kana zuwa aiki ko kana kwance a ɗaki kana kallon ƙwallo. Wasu makarantu suna ba ka wasiƙar gabatarwa ka kai kamfani, daga nan kuma kai da halinka. Abin da zai tsaya maka ranar tantancewa shi ne shaidar da kamfanin ya rubuta cewa ka yi shekara guda a wurinsu, bayan ND, a aikin da ya shafi fanninka.

Ku riƙe abubuwan nan uku, don a kansu ake faɗuwa: shekara guda, bayan ND, fanninka.

Ni na faɗi a na farkon, kuma zan gaya muku yadda aka yi.

[Hotunan waya na da: tsani a jingine da bango, kwalin kebul, janareta]

Na karanta kimiyyar kwamfuta. Na yi shekarata a wani ƙaramin kamfani a Kano, ba sai na faɗi suna ba, masu haɗa wa ofisoshi intanet da gina shafukan yanar gizo. Mu shida ne har da mai gadi. Na je da tunanin za a ba ni kujera da kwamfuta in fara rubuta manhaja. Satin farko, jarka aka miƙo mini in sayo man janareta. Sati na biyu aka ƙara mini girma, na koma riƙe tsani.

Sai wata rana oga ya zaunar da ni, ya zuba mini kawunan kebul a tafin hannu.

[Kusa-kusa: hannu yana fere kebul, siraran wayoyi takwas sun bayyana]

Ga su nan. Wayoyi takwas, kowacce da launinta, kowacce da gurbinta. Fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A aji mun haddace wannan jerin kamar karatun allo, mun rubuta shi a jarrabawa, mun ci. Amma ka jera su da yatsa su miƙe, ka datse su daidai, ka tura cikin kan ba tare da kore ya tsallake shuɗi ba, wannan wani karatun ne. Idan na gama, oga zai ɗaga shi sama ya duba a haske, ba zai ce komai ba, sai ya sa almakashi ya gutsure kan, ya miƙo mini. Kebul ɗin da muka fara da shi ya fi tsawon hannuna. Kafin la'asar bai fi ɗan yatsa ba.

[A bar hoton ya tafi, daƙiƙa biyar]

A wata na huɗu na yi ɓarnar da har yau nake tuna ta. Mun je wani ofis gyara, na ga kebul yana lilo a bayan na'urar da ke rarraba layi, na ce bari in yi abin kirki, na cusa shi a ramin da babu kowa. Ashe ɗaya bakin nasa yana jikin na'urar tun farko. Na haɗa ta da kanta ke nan. Saƙonni suka dinga zagayawa a ciki ba mafita, fitilunta suka hau ƙyaftawa gaba ɗaya kamar gidan biki, intanet ɗin ofishin ya tsaya cik. Oga ya yi kusan awa yana nema. Da ya gano, ya zare kebul ɗin, ya dube ni, ya ce, "Malam, daga yau abin da ba ka san inda ya fito ba, kada ka kai shi inda za shi." Ban sake ba.

Daga wata na shida aka fara ba ni aikin shafukan yanar gizo. Na koyi Git, manhajar da ke adana duk canjin da aka yi wa aiki, na koyi cewa mai shago ba ruwansa da kyawun abin da ka rubuta, shi dai ya buɗe a wayarsa da ƙaramar data. Kuɗin mota ake ba ni, ba albashi ba, rabinsa kuma 'yan adaidaita sahu ke cinyewa. Wannan duk labari ne mai daɗi, amma ba shi ya kawo mu ba.

Ga inda gizo ke saƙar.

[Kusa-kusa: wasiƙa, an rufe sunan kamfani da na mai sa hannu]

Wannan ita ce wasiƙar da aka ba ni da farko. Ku karanta. Tana cewa wane ya yi aiki tare da mu, yaro ne mai ladabi da ƙwazo, muna masa fatan alheri. Layi uku. Na ji daɗi ƙwarai, har na nuna wa mahaifiyata.

Yanzu ku nemo mini kwanan wata a ciki. Akwai guda ɗaya a sama, ranar da aka buga ta. Ranar da na fara fa? Babu. Ranar da na gama? Babu. Wane aiki na yi, haɗa intanet ko dafa shayi? Ba ta faɗa ba.

Malamin da ke tantancewa bai san ni ba, bai san ogana ba, bai ga kebul ɗin da aka gutsure ba. Takarda ce a gabansa, da mutum ɗari a bayana. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan ai shaidar hali ce. Ina shekarar?" Na ce wallahi na yi. Ya ce bai ce ban yi ba.

Na koma Kano. Oga ya yi tafiya, hatimin kamfani yana cikin durowar da ya kulle. Kwana tara na yi ina sintiri, ranar rufe rajista na matsowa, barci ya ƙaurace mini.

Saboda haka ku tsaya a nan, ku ɗauki hoton allon idan kuna so.

[Zane: wasiƙa, kibiya tana nuna kowane wuri yayin da ake magana]

A sama, tambarin kamfani da adireshi da lambar waya da ake ɗauka. Idan kamfanin yana da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, lambar rajistar takan fito a nan, kuma kai ma kana iya bincika sunansa a shafin hukumar tun kafin ka fara aiki. Sai sunanka, yadda yake a sakamakon ND ɗinka, harafi da harafi. Idan a can Muhammad ne, kada a rubuta Mohammed a nan. Ƙaramin abu ne, amma a layin tantancewa ƙaramin abu ke zama dutse.

Sai ranakun nan biyu. Ranar farawa, ranar gamawa, da wata da shekara, kuma idan an ƙirga su ba da wata goma sha biyu. Ranar farawar ta zo bayan ka kammala ND. A nan ne masu cewa "ai na yi SIWES" ke ruɗewa: wata huɗun da ka yi kana ND 1 ba ya shiga lissafi, ko da a kamfani ɗaya ka yi su. Ba a tara huɗu da takwas a ce sha biyu.

Sai layin da ke faɗin aikin da ka yi. Haɗa hanyoyin sadarwa, gina shafuka, gyaran kwamfuta, kula da bayanai, duk abin da ka taɓa da hannunka. Wanda ya karanta kwamfuta ya kawo takarda daga shagon sayar da atamfa, ko da shi ke riƙe da lissafin shagon, sai ya yi dogon bayani. A ƙasa kuma sunan mai sa hannu, muƙaminsa, da hatimi.

Shawarata, wadda ba wanda ya ba ni: ka karɓi wasiƙa biyu. Ɗaya a satinka na farko, ta amincewa, mai ɗauke da ranar da ka fara. Ɗaya a ƙarshe. Ƙananan kamfanonin fasaha yau suna nan, gobe sun tashi, ko ogan ya samu aiki a waje ya rufe ofis. Idan hakan ta faru a wata na tara, wasiƙar farko ce za ta nuna inda ka faro. Kuma ta ƙarshen, ka fara nemanta tun a wata na goma sha ɗaya. Kai ka rubuta daftarin da kanka ka kai a gyara. Oga ba zai ji haushi ba, ka rage masa aiki ne.

Masu aiki daga gida, kana Zariya kamfaninka na Yaba a Legas, maganar ɗaya ce. Saƙon WhatsApp da aka ce maka "ka fara Litinin" ba takarda ba ce. Ka nemi wasiƙa, ka buga ta, ka adana.

[Babu hoto a nan, fuskar mai magana kawai]

Na san me wasu ke faɗi a ransu yanzu. Ai akwai shagon buga takardu a bakin makaranta, dubu biyu an haɗa maka. Akwai, ba zan ce babu ba. Takardar bogi dai laifi ce, kuma lambar wayar da ke jiki ana iya kiranta. Amma ni abin da ya fi damuna daban ne. A 'yan shekarun nan NBTE ta raba HND ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, harkar hanyoyin sadarwa da ajiya a gajimare, wato adana bayanai a intanet, gina manhaja da shafukan yanar gizo, sai tsaron intanet da kare bayanai. Dole ka zaɓi ɗaya. Wanda ya yi shekara a kan tsani ya riga ya san ko jininsa ya haɗu da kebul ko bai haɗu ba. Ni dai na sani tun ranar fitilun nan. Wanda ya sayi takarda kuwa, sunan da ya fi daɗi a kunne zai zaɓa.

Abu na ƙarshe, da sauri. Shekara ɗayan nan ta wanda ya fita da maki 2.50 zuwa sama ce, wato lowa kiredit ko fiye. Idan makinka tsakanin 2.00 da 2.49 ne, fas ke nan, ƙa'idar ita ce shekara biyu ko fiye, kuma a inda makarantar ta yarda ta duba ka. Ka karanta sanarwar makarantar da kake nema kafin ka sayi fom. Masu son tsallakawa jami'a kai tsaye ta JAMB, naku bidiyon daban ne, yana tafe.

[Komawa layin farko, kyamara ta matsa har bakin tebur]

A rana ta goma oga ya dawo, ya buɗe durowa. Ga sabuwar wasiƙar da ya ba ni nan, ku kwatanta da ta farko. Babu maganar ladabi, babu fatan alheri. Na kai ta gaban malamin nan dai, saura kwana biyu a rufe. Bai karanta sunan kamfanin ba ma. Ya ɗora biro a kan ranar farko, ya ɗora a kan ta biyu, ya ƙirga da yatsunsa, ya sa hannu a fayil ɗina, ya ɗaga kai ya ce, "Na gaba."