Takarda Kafin Kilishi: Lacca ga Masu Shirin Tafiya Karatu Masar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malamaina, iyayenmu maza da mata da suka rako 'ya'yansu, da ku ƙannena masu shirin tafiya, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan guzurin matashin da zai yi shekaru a ƙasar waje. Ni kuwa Masar na sani, domin a Alƙahira na yi zaman karatu, saboda haka a kanta zan tsaya, wanda zai nufi wata ƙasa sai ya tsinci abin da ya shafe shi.

Duk lokacin da na je rakiya filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, abu ɗaya nake gani. Akwati ya cika da kilishi da yaji da kuka da daddawa, an auna an sake aunawa don kada ya wuce kilo, amma takardun yaron suna cikin wata leda da aka cusa a aljihun jaka, babu wanda ya zauna ya karanta su. Kilishin nan ba zai kai wata biyu ba, takardun kuwa su ne za su tsaya maka a gaban kowane jami'i har ranar da za ka dawo.

Ku fara da sunayenku. Ku shimfiɗa fasfo da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, na WAEC ne ko NECO ko NBAIS, ku bi su harafi bayan harafi. Ni ganau ne a wannan. A fasfona an rubuta sunan mahaifina da wani salo, a takardar sakandare da wani, sannan da aka fassara su zuwa Larabci sai suka zama sunayen mutum biyu. Misirawa suna jera sunan mutum da na ubansa da na kakansa, kuma da wannan jerin suke gane shi, don haka abin da muke ɗauka ƙaramin kuskure a wurinsu babba ne. Sai da aka aiko mini da takardar rantsuwa daga gida, na yi watanni ina kallon abokan tafiyata suna shiga aji. Sakacina ne ya jawo, domin gyaran da zai ɗauki mako guda a Kano shi ne ya cinye mini zango guda a can.

Bayan suna sai hatimi. Takardar karatu tana bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ta wuce Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Masar da ke Abuja, kowa ya buga nasa. Wanda zai shiga Azhar ya tambayi makarantar da ya gama ko tana da mu'adala, wato ko Azhar ta amince shaidarta daidai take da tata. Idan babu, to ya shirya wa jarrabawar da suke kira tahdidul mustawa, wadda za ta nuna matakin da za a ajiye shi, kuma yana iya samun kansa a ajin koyon Larabci ko a ma'ahadi, wato makarantar Azhar ta ƙasa da jami'a, kafin ya taka jami'a. Iyaye, ku saurari wannan da kyau, don kada ku lissafa shekara huɗu alhali tafiyar ta shekara shida ce. Azhar ta haura shekara dubu tana karantarwa, tun da aka fara sallah a masallacinta a shekarar 972, ba za ta sauya tsarinta saboda gaggawar kowa ba.

Katin rigakafin cutar shawara ma takarda ce, kuma ana neman sa daga wanda ya fito daga Nijeriya ko Nijar. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi, domin sai bayan nan katin yake fara aiki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A yi ta gaskiya, kada a sayi kati a bakin titi.

Yanzu ga abin da ya fi jefa ɗalibanmu cikin wahala. Bizar da ka shiga da ita ba izinin zama ba ce. Izinin zama shi ne iƙama, ana nemansa ne bayan an isa, da takardar shaida daga makaranta, kuma yana ƙarewa a sabunta shi. Babban ofishin fasfo da shige da fice yana unguwar Abbasiyya. Ka yi sammako, ka tafi da hotuna da kwafin kowane shafi fiye da yadda aka ce, kuma ka fara neman sabuntawa tun da sauran wata biyu, saboda takardar makaranta kanta tana ɗaukar lokaci kafin ta fito. Wanda iƙamarsa ta mutu zai biya tara, kuma idan 'yan sanda suka tare shi a hanya ba shi da abin nunawa. Kullum kwafin fasfo da na iƙama su kasance a aljihunka, ka ɗauki hotonsu ka aika wa kanka ta imel, ka aika wa wani a gida. Fasfon kansa kuwa kada ka ba kowa jingina, ko mai gida ne, ko wanda ya yi maka alkawarin aiki.

Batun kuɗi, ina roƙon iyaye su daina lissafi da farashin da wani ya faɗa musu shekara uku da suka wuce. A ranar 6 ga Maris 2024 Masar ta saki darajar kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan fam 50 a yini guda, ga naira ita ma ta riga ta faɗi tun 2023. Ɗalibi yana tsakanin kuɗi biyu ne masu rawa. Wanda ya sami minha, wato tallafin Azhar, yana iya samun ɗaki a Madinatul Bu'us, inda ake saukar da ɗaliban ƙasashen waje. Saura kuwa haya za su kama, galibi a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir inda 'yan Afirka suka yi yawa. A can dillalin gida sunansa simsar, yana da ladansa, mai gida kuma zai karɓi ta'amin, kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar tashi idan ba a lalata komai ba. Kada ka biya ko sisi sai an rubuta yarjejeniya, kuma ka tafi da tsohon ɗalibi ya karanta maka ita. Ka riƙe kuɗin wata uku a gefe wanda ba ka taɓawa.

Akwai kuma maganar saƙo, wadda na san tana da nauyi a al'adarmu, domin da kunya a ce wa babba a'a. To, ƙannena, ku koyi cewa "Baba, a buɗe in gani." Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka. A shekarar 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tramadol kusan 290 da aka samu a akwatinta, duk da ta ce maganin ciwon baya ta kawo wa wani. Mai shan magani na dindindin ya tafi da takardar likita, maganin kuma ya zauna a kwalinsa.

Sauran abubuwan za ku koya da kanku. Larabcin littafi ba shi ake yi a kasuwa ba, za ka ji ana furta harafin jimun kamar "ga", ana cewa "izzayyak" a gaisuwa, ka koyi ammiyya, Larabcin gari, don cefane, ka riƙe fusha, Larabcin littafi, don aji. Abinci ba zai ba ku tsoro ba, domin mulukiyyarsu lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade kuma zoɓo ne. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu ya fi na hunturunmu shiga ƙashi saboda ɗakunan ba su da abin ɗumamawa, sai a tanadi bargo mai kauri. Soket ɗinsu mai baki biyu ne zagayayye.

A makon farko ka je ofishin jakadancin ƙasarka da ke Alƙahira ka yi rajista, ka kuma shiga ƙungiyar ɗalibai. Na san wasu za su ce ɓata lokaci ne. Ku tuna da Khartum ta Sudan. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗalibanmu suna tsakiyar azumi da karatu, aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su tsallaka, sai a farkon Mayu jiragen farko suka taso da su daga Aswan zuwa Abuja. A irin wannan rana da jerin sunaye ake aiki, kuma abin da ake tambaya a bakin iyaka shi ne fasfo. Saboda haka fasfo da katin rigakafi da 'yan daloli su zauna a ƙaramar jaka guda, a wurin da hannunka zai kai ko da an ɗauke wuta.

Na ga mai gabatarwa yana duba agogo. Hajiya da ke layin gaba ta daɗe da ɗaga hannu, a miƙa mata abin magana.