Yadda za ka gwada Linux iri-iri ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba

Ka ga wannan filashin? Gig 32 ne kacal, amma Ubuntu na ciki, Linux Mint na ciki, Fedora ma haka. Duk 'yan gida ɗaya ne, manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tushensu Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991, sai dai kowa da shigarsa da halinsa.

Da manhajar Ventoy na haɗa su. Sau ɗaya ake girka ta a filashi, amma ka kwashe kayanka tukuna, don za ta share shi tas. Sai ka sauko da fayil ɗin ISO na kowanne, wato fayil ɗaya mai ɗauke da manhajar gaba ɗaya, daga shafinsa na asali, ka zuba su ciki kamar yadda kake tura hotuna.

Yanzu kashe kwamfutar, soka filashin, kunna, ka riƙa danna F12, ko F9 in HP ce. Zaɓi filashin a jerin da zai bayyana. Ga jerin Ventoy ya fito. Mu zaɓi Mint. Duk abin da kake gani ɗin nan a RAM yake gudana, faifan kwamfutarka bai ma san ana yi ba. Gwada intanet, gwada sauti da kyamara da firinta. Kana kashewa komai zai goge, ka koma Windows yadda ka bar shi.

Akwai kuma VirtualBox, mai buɗe maka wata kwamfuta a cikin taga, amma in RAM ɗinka gig 4 ne, za ka sha jira.

Inda mutane ke kuka shi ne wajen girkawa gefe da gefe da Windows. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar hakan sai ya ɗan kwana biyu da filashi. In kuma ka ƙudurta, kwafe fayilolinka zuwa wani faifai daban. Nemo mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifai da shi, lambobi 48 ne, ka rubuta a takarda, don Windows na iya tambayar ka shi bayan girkawa. Kashe Fast Startup, saitin Windows mai sa kwamfuta saurin tashi.

To, dubi allon girkawar nan da kyau. Zaɓin da ke cewa "Erase disk", goge faifan gaba ɗaya yake nufi, har Windows, har hotunan da ka tara shekara da shekaru. Wanda kake nema shi ne mai cewa "alongside". Karanta sau biyu kafin ka danna.

Bayan nan in ka koma Windows ka tarar agogo ya kauce, ba lalacewa ya yi ba. Linux da UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, yake lissafi, Windows kuma da lokacin gari. Saiti ɗaya ke gyara shi.