Dayoksin: Gubar da Wutar Juji Ke Bari a Ƙwai da Nono

[Hoto: juji a bakin mayo, wato rafi, a Marwa ta Kamaru, da sassafe]

Jama'a, ku dubi wannan jujin da kyau. Tun jiya da magariba aka cinna masa wuta. Harshen wutar ya mutu tun dare, amma har yanzu tana ci ta ciki, farin hayaƙi na bin ƙasa cikin sanyin hunturu. Can gefe ga kaza da 'yan tsakinta suna tonon toka. Hayaƙin nan kowa ya san shi, tari yake sa mutum da hawaye. Amma akwai abin da wutar ta bari wanda ba ya wari, ido ba ya ganinsa, kuma ta bakin kazar nan zai shigo gida. Sunansa dayoksin.

Dayoksin dangi ne guda. Shi da ɗan'uwansa furan sun kai iri 210, 17 daga ciki ne gubarsu ta fi tsanani, ubansu kuwa shi ne TCDD, wanda tun 1997 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko na masu jawo ciwon daji. Ba wanda ke ƙera shi don sayarwa. Wuta ke haifar da shi idan abu uku sun haɗu: abin ƙonawa, sinadarin kulorin, da zafi tsaka-tsaki, daga digiri 200 zuwa 450. In akwai jan ƙarfe a wurin, sai ya ƙara ingiza abin. To wutar juji mai cin ciki a daidai wannan zafin take kwana.

[Hoto: matashi yana ƙona tulin waya, wutar na yin kore-kore]

Kulorin ɗin daga ina? Babbar hanyarsa robar PVC ce, wadda fiye da rabin nauyinta kulorin ne: bututun ruwa, ledar shimfiɗa a ɗaki, igiyar ƙarin ruwa ta asibiti, da rigar wayar lantarki. Wani lokaci za ku ga lamba 3 cikin alama mai kusurwa uku a jikinta. Shi ya sa ƙona waya don a ciro jan ƙarfe ya fi komai ba mu tsoro. Ga PVC, ga jan ƙarfe, ga wuta mai rauni, ga kuma yaro a tsugune a kai yana juyawa da sanda. Baƙar ledar cefane ba ta da kulorin a jikinta, gaskiya ne, sai dai gishirin da ke cikin ragowar abinci, wanda shi yana da kulorin, ya isa ya cike giɓin. Tayar da ake babbakar kai da ƙafa da ita kuwa, babban laifinta wasu gubobin ne na baƙin hayaƙi, amma su ma ba abin ci ba ne.

Yanzu ku bi shi a hankali. Dayoksin ba ya narkewa a ruwa, kitse yake so. Ya sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, sai ya tare a nono da man shanu. Ya zauna a toka, kaza ta tsattsaga, sai ya tare a gwaiduwa. Damina ta zo, mayo ya kwashe tokar zuwa kogi, sai ya shiga laka, daga nan ya shiga kitsen kifi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake shiga, ba ta hanci ba. Tafasawa ko suya ba sa kashe shi. In kuma ya shiga, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Kaɗan-kaɗan yake taruwa, yana raunana garkuwar jiki, yana taɓa haihuwa, ɗan tayi a ciki kuma shi ya fi kowa cutuwa. Iyaye mata, kada wannan ya sa ku yaye yaro da wuri. Yana bin nonon uwa, haka ne, amma amfanin shayarwa ya fi ƙarfin wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Da fikogiram ake auna shi, wato giram ɗaya a raba shi gida tiriliyan. A 2001 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade fikogiram 70 ga kowane kilo na nauyin jiki a wata. A 2018 hukumar abinci ta Turai ta ƙara tsuke nata ma'aunin zuwa fikogiram 2 ga kowane kilo a mako. Kuma kada a ce ciwon Turawa ne. A 2019 ƙungiyoyin kare muhalli na IPEN da Arnika da CREPD ta Kamaru sun gwada ƙwan kajin gida. A Agbogbloshie ta Gana, inda a lokacin ake ƙona wayoyin lantarki, ƙwai ɗaya ya ninka abin da ma'aunin Turai ya yarda babban mutum ya ci a rana sau 220. A Yawunde ta Kamaru ma an samu ƙwan da ya haura iyakar Turai kusa da wurin ƙona sharar asibiti.

Duniya da masifa ta koyi darasin. Ran 10 ga Yuli 1976 wata masana'antar sinadarai ta yi aman guba a kan garin Seveso na Italiya, dabbobi suka mutu, fuskokin yara suka cika da ƙuraje. A 1999 gurɓataccen abincin kaji ya sa aka kwashe kaji da ƙwai daga kasuwannin Beljiyam. A 2001 aka ƙulla Yarjejeniyar Stockholm, ta fara aiki a 2004, kuma Kamaru da Cadi duk suna ciki. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta ƙidaya inda dayoksin ke fitowa, ta rage shi, ta kuma hana ƙona shara a fili gwargwadon iko. Kamaru ta haramta leda mai kaurin maikiron 60 zuwa ƙasa, wato siririyar leda, tun 2014, Injamena babban birnin Cadi ta riga ta tun 2010. Amma a ganinmu, dokar da ba ta zo da motar kwasar shara ba, ba za ta kashe wutar juji ba. Uwargidan da shara ta yi wa sati a ƙofar gida, ashana za ta ɗauko.

[Hoto: ƙaramin murhun ƙona shara na bulo a bayan wani asibiti]

A nan ne dabara ta fi tasiri. Murhu na ƙwarai yana riƙe hayaƙi a digiri 850 ko fiye na daƙiƙa 2, in sharar mai kulorin ce da yawa, digiri 1,100. Sannan a sanyaya hayaƙin da sauri zuwa ƙasa da 200, don in ya huce a hankali, gubar sake haɗuwa take yi a cikin bututun. Inda ake kuskure sananne ne. A zuba shara tun murhu bai yi zafi ba. A cusa jiƙaƙƙiyar auduga da robar ƙarin ruwa a danƙare har iska ta rasa hanya. A yi tsimin mai. A ƙarshe a watsar da tokar bayan katanga. Gyaran shi ne a ɗumama murhun da busasshen itace tukuna, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, a ware PVC tun daga ɗakin jinya, toka kuma a binne ta a rami mai siminti da murfi.

A gida, kada a hura gawayi da leda ko guntun takalmin roba, balle a yi bandar kifi ko gashin nama a kai. Ragowar abinci da ganye a kai ramin taki, su ne ke jiƙa juji su sa wuta ta kwana tana ci. Waya a fere ta da wuƙa. Tokar icen girki zalla taki ce, amma tokar juji kada ta je gona ko lambu. In kuwa an daɗe ana ƙona shara a wani lungu na gidanku, ku kankare ƙasar saman ku binne ta nesa da rijiya, ku zuba sabon yashi, kaji kuma a yi musu shinge a ɗaya ɓangaren, a riƙa ba su hatsi a kwano maimakon a watsa a ƙasa.