Abin da ke sa sararin Manchester sauya fuska a yini guda

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Bari in ɗaga kyamara ku ga sama. Kun hango siraran gajimaren can ƙololuwa, kamar an ja zaren auduga? Rana na haske, amma alamar ruwa ke nan.

Iska tana ɗaukar halin wurin da ta daɗe a kansa. Wadda ta taso daga tekun Atlantika, wajen tsibiran Azores, ɗumi da danshi take kawowa. Ta wajen Girinlan kuwa sanyi ne da ita. Idan suka haɗu ba sa gaurayewa nan take. Mai ɗumin ba ta da nauyi, sai ta hau kan mai sanyin, tana hawa tana hucewa, har danshinta ya zama hadari. Birtaniya tana zaune daidai inda ake yawan wannan karon.

Ga taswirar Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, a wayata. Jan layin nan mai rabin da'ira, iskar ɗumi ce ke matsowa. A hankali take hawa, shi ya sa gajimare ke yin ƙasa-ƙasa, sannan a shafe sa'o'i ana yayyafi. Shuɗin mai tsini da ke biye, iskar sanyi ce ke kutsawa ta ƙarƙashi. Ita ba ta da haƙuri: ruwa ya tsuge, iska ta juya, jim kaɗan gari ya washe, sanyi ya shiga ƙashi.

Mu ma muna da irin wannan haɗuwar a gida, tsakanin busasshiyar iskar Sahara da mai danshi daga teku. Sai dai tamu sau ɗaya a shekara take haurawa arewa da damina, ta koma kudu ta bar mana hunturu. A nan, mako guda ya isa layuka da dama su ratsa.

Wani lokacin baƙuwar iska ke shigowa. Ta gabas, daga Sibiriya, ta lulluɓe ƙasar da dusar ƙanƙara a ƙarshen Fabrairun 2018. Mai zafi daga kudu kuma ta kai awo 40.3 a ma'aunin Selshiyos a ƙauyen Coningsby na Ingila ranar 19 ga Yulin 2022, a ƙasar da yawancin gidaje ba su da na'urar sanyaya ɗaki.

Don Allah sababbin zuwa, musamman masu yara ƙanana, ku riƙa duba taswirar nan kafin ku fita. Idan shuɗin layin ya iso gobe, in sha Allah zan ɗauko muku shi.